Jan katin da Lawali ya ɗaga wa ɗan garinmu

Shekara takwas ke nan da muka binne yayana Lawali, kuma har yau in na ji ƙarar usur a filin lakol, wato makarantar boko, sai ranar ta dawo mini. Malamin makaranta ne a ƙauyenmu da ke yankin Gangara, amma kowa Arbit yake ce masa, wato alƙalin wasa, don shi ke hura wasan da samari ke yi bayan girbi, a gonar da aka share.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne saƙon da dattawan ƙwallon garinmu suka aiko mini. Suna so su ɗage hukuncin da ya hana Sabi'u shiga fili tun ranar da Lawali ya ɗaga masa jan kati, ya zama mai horar da ƙungiya, sun ce sai na yarda.

Sabi'u shi ne mai ci mana ƙwallo a wancan lokaci. Ranar da abin ya faru muna karawa da ƙungiyar wani gari da rabin ƴan wasanta makiyaya ne. Mai tsaron bayansu, wani dogon Bafulatani mai suna Jabbi, ya hana Sabi'u sakat tun da aka fara. Da haushi ya ishi Sabi'u, sai ya matsa har hancinsu ya kusa haɗuwa, ya kira shi dabbar daji, ya ce ya koma bayan shanu, ya haɗa da uwarsa. Lawali ya ji. Ya zaro jan kati.

Nan Sabi'u ya kawo hujjar da har gobe ake gardama a kanta. Ya ce kakarsa Babarbara ce, kuma kowa ya san akwai wasa tsakanin Barebari da Fulani, don haka zagin taubashi ya yi. Lawali ya ce: "Taubashi shina zagi shina dariya. Kai dubi huskarka. Hita!"

Bai fita ba. Mutanenmu suka kwararo cikin fili suna ihun an sayar da gari. Baƙi suka taso da sandunansu. Aka tumɓuke itacen raga, aka shiga dukan duk wanda aka samu. Na ga an fasa wa wani tsoho mai sayar da rake baki, na ga ana tattake wani a ƙasa yana kiran uwarsa. Lawali ya tsaya gaban Jabbi ya buɗe hannuwa, usur na bakinsa yana ta hurawa kamar akwai mai saurare. Itacen ya sauka a ƙeyarsa, kuma daga ɓangarenmu ya fito. Kafin jandarma su iso, Jabbi ya ɗauke shi a kafaɗa, da nasa kan a fashe, ya fita da shi hanya. Ni da shi muka riƙe Lawali a bayan mota, ya cika kafin mu kai asibitin Gazawa.

Yanzu samari a fada, wurin hirarsu, suna kallon ƙwallon Turai a waya. In an yi wa ɗan wasa baƙar fata kukan biri, sai ka ji su suna kumfar baki: a kori mai laifi har abada, a rufe filin, alƙalin da bai tsayar da wasa ba matsoraci ne. Ina jin su, raina na ɓaci. Waɗannan bakunan ne, in an zo kan Sabi'u, ke cewa magana ce kawai, kuma Arbit ya cika tsanani. Da Lawali na nan, na san dariya zai yi, ya tambaye su ko zagi sai ya hau jirgi yake zama zagi. Na'urar sake duba wasa da ake ta yabo kuwa, ba ta da abin da za ta ƙara masa. Kunnensa ya ji, kuma bai yi kamar bai ji ba don Sabi'u ɗan garinmu ne.

Ba na ƙin Sabi'u. Ba shi ya ɗaga itace ba, ya zo ta'aziyya yana kuka, yanzu har furfura ta fara masa. Amma hukuncin da ke kansa shi ne abu na ƙarshe da yayana ya yanke a duniya, kuma ba don ni ya yanke shi ba. Jabbi kuwa ba wanda ya hana shi wasa, duk da haka tun ranar bai sake sa ƙafa a fili ba. Ina ganinsa ran kasuwa, mu gaisa, ya tambayi marayun Lawali.

Shi ya sa na je na sami dattawan a ƙofar shugabansu. Na ce musu ba ni aka zaga ba, in ana neman yafiya a je rugar Jabbi da Sabi'u a gaba, abin da Jabbi ya ce na yarda da shi. Suka kalli juna. Can shugaban, wanda ranar yana bakin fili a kan kujera, ya gyara hula ya ce: "Wane ne Jabbi?"

Na tashi na sa takalmina. Allah ya jiƙan Lawali, katinsa na nan a sama, ba a sauke shi ba.