Auduga a Kunnen Kakata

Zan fara da neman afuwa, domin abin da zan ba da labarinsa ya daɗe, ni kuma lokacin ina yaro. Mai yiwuwa na haɗa abin da na gani da abin da aka gaya mini daga baya, mai yiwuwa kuma na ɗauko wani abu daga wata shekara na saka cikin wannan. Abin da ya tayar mini da zancen shi ne ƴar audugar da likita ya tura mini a kunne kwanan baya, bayan ya ɗiga magani. Ina fitowa titi na ji duniya ta yi nisa. Ina ganin bakin mutane yana motsi, amma maganarsu kamar daga cikin rijiya take fitowa. Sai na tuna da kakata, mahaifiyar babana, zaune a kan tabarma a filin lakwal, wato makarantar bokonmu ta Dogon Dutsi.

Shekarun farko ne bayan samun mulkin kai, ba zan iya rantsewa a kan wacce ba. Na dai san an gama yankan hatsi, an cika rumbuna, gari yana ƙamshin sabon gero da hayaƙin kara, samari masu tafiya cin rani ba su riga sun watse ba. A wannan tsakanin ne malaminmu, wanda muke kira mushe kamar kowane malamin lakwal, ya shirya bikin littattafai. Baƙo ne a garin, daga gabas aka turo shi, mutum mai zafin nama. Ya kafa rumfar zana a gindin gawon da ke filin, ya jera littattafai a kan tebura, yawancinsu na Faransanci daga Yamai, sai wasu ƴan sirara na Hausar boko da ake koya wa manya karatu da su. Mutane suna zuwa suna kallo da hannuwa a baya, kamar sun shiga gidan surukai. Ina tuna wata Bafulatana mai kawo mana nono, ƙawar kakata, ta buɗe ɗaya ta sansana, ta ce warin gidan likita yake yi.

Ranar rufewa, bayan la'asar, a gaban kumandan, wato babban jami'in mulki na yankinmu, aka sa za a yi wasan kwaikwayo, wanda muke ce wa teyatur, sa'an nan ƴan lakwal su karanta waƙoƙin da suka rubuta da Hausa. Mushe ya ce kowa ya rubuta a kan wani aiki da ake yi a gidansu. Ni na rubuta a kan kaɗin kakata, yadda take shafa alli a yatsu, yadda mazari yake juyawa har ya yi kamar a tsaye yake. Tawa ta shiga cikin waɗanda aka zaɓa. Na ɓoye ta ban karanta wa kowa a gida ba, amma yayata ba ta iya riƙe magana, ta gaya wa tsohuwa cewa da ita aka yi waƙa.

A nan dole in yi bayani, kuma ina yin sa da taka-tsantsan, domin ba ni da ilimin abin, ba na kuma son in ɓata wa kowa rai. Kakata ƴar wani ƙauye ce wajen Lugu. Tun tana budurwa aka yi mata girka, wato aka shigar da ita bori, tana da doguwarta. Kowace iska da kiɗanta. In mai goge ya ja kiɗin wata doguwa, sai ta zo ta hau wadda ta saba hawa, ko a ina take zaune. Haka mutanenmu suka ɗauka, haka ita ma ta ɗauka. Babana kuwa ya yi karatu a wajen Sakkwato, ya dawo aka ba shi ladancin masallacin unguwa. Ya roƙe ta ta bari, ta yi masa alkawari, ta ba da kayan borinta. Tun daga nan ba ta sake zama inda ake goge ba. In ana biki a unguwa ta ji an fara gwada goge, sai ta ɗauki kwandon audugarta ta tafi gidan ƙanwarta a ƙarshen gari.

To, teyatur ɗin mushe a kan wani yaro ne mai zazzaɓi da aka kai wurin ƴan bori kafin a kai shi likita. Mushe yana son abin ya yi kama da gaske, sai ya ɗauko mai goge na gaske, ya ce masa ya yi kiɗin yadda yake yi a wurin wasa. Mai gogen nan kuwa shi ne wanda yake yi wa su kakata kiɗi a da.

Da safiyar ranar babana ya zo ya tsugunna a ƙofar ɗakinta. Shi ne ɗan farinta, ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika duban fuskarsa ba. Mazarinta take duba.

Ya ce, "Inna, na ji an ce za ki filin lakwal."

Ta ce, "Za ni. Angona zai yi min waƙa gaban kumandan, ni in zamna gida?"

"Da goge fa, Inna, na gaske. In doguwa ta hau ki gaban liman da kumandan, ina zan sa kaina?"

"Kai dai tahi ka yi kiran sallarka. Ta kunne taka shigowa, ba ta ƙafa ba. In na toshe ƙofa, ta ina za ta bi?"

Sai ya tashi ya tafi.

Ga shirin da ta yi. Ta mulmula auduga da man kaɗe ta tura a kunnuwa biyu, ta ɗaure kallabi ta rufe su. Yayata za ta zauna kusa da ita, in an gama teyatur goge ya yi shiru ni kuma na miƙe, sai ta mintsine ta a cinya, ita kuma ta cire audugar. Kafin ta toshe kunne na biyu ta dube ni ta ce, "Kai kuma mijin banza, in ka yi in'ina gaban mutane, yau na koma gidanmu."

Filin ya cika. Kumandan yana kan kujera a gaba. Ɗan ƙasa ne a lokacin, ba Bature ba, amma sunan bai canza a bakin mutane ba. Maza suna bayansa, mata a kan tabarmi ta wajen gawo. Babana bai zauna ba, yana tsaye can baya kusa da katanga. Ni ina bayan zana ina leƙe. An yi dariya sosai a farkon wasan. Da mai goge ya fara ja, dariyar ta ragu. Wasu mata suka tashi suka ja yaransu. Wata dattijuwa ta fara karkarwa, aka kama ta aka fitar da ita ta bayan aji. Kakata tana zaune a miƙe, idonta a ƙasa, hannunta cikin na yayata. Har aka gama ba ta motsa ba. Na hango babana ya shafa fuska.

Nan ne abin ya ɓaci. Mai goge ya yunƙura zai tashi, sai aka ce masa ya zauna ya ci gaba a hankali a ƙarƙashin waƙoƙin yara, wai za su fi daɗi. Wasu sun ce kumandan ne ya nema, wasu sun ce mushe ne. Ban sani ba, ba na kuma son in ɗora wa kowa, domin na tabbata ba wanda ya nufi sharri. Aka kira ni, na miƙe, goge yana kuka a bayana. Ban san ko kiɗin doguwa ba ne ko kiɗin biki kawai. Yayata ma ba ta sani ba, mu a gidan ladan muka tashi, ba wanda ya taɓa koya mana bambancin. Na ga ta ɗaga hannu saman cinyar tsohuwa, ta dube ni, ta waiga wajen babanmu, ta janye hannun.

Na karanta da iyakar muryata, har mushe ya yi mini alama in sassauta. Tsoro ya hana ni ɗaga ido daga takarda. Sai da na ji tafi na duba, na ga kallabinta a ɗaure yadda yake, ko dai haka na gani.

A hanyar gida ta ce mini da ƙarfi, irin maganar wanda ba ya jin kansa, "Bakinka ya yi ta motsi kamar na akuya mai tuƙa!" Na ce in mun isa zan sake karanta mata. Ta ce in bar shi, ta gaji. Washegari ma ta ce ta gaji. Babana kuwa goro kawai ya aje mata a bakin ƙofa.

Da Bafulatanar nan ta kawo nono, ta gaya wa mahaifiyata wani abu. Ita ce zaune ta hagun kakata. Ta ce ina tsakiyar waƙa tsohuwa ta zura yatsa ƙarƙashin kallabi ta zaro audugar kunnen hagu, ta dunƙule ta a hannu, ta cije leɓe, gumi yana zuba mata, sai da aka fara tafi ta mayar. Yayata har yau tana rantsuwa ba a yi haka ba, amma ita ta dama take zaune. Sau ɗaya na tambayi kakata da kaina. Ta ce, "Mi ya dame ka da kunnen tsohuwa? Miƙo min alli."

Na daɗe ina tunanin wannan shirun. A ganina, kuma ina iya yin kuskure, in ta ce ta cire, ta gaya wa ɗanta ke nan cewa ta yi kasada da alkawarin da ta yi masa. In ta ce ba ta cire ba, ta gaya mini ba ta ji ba. Sai ta ƙi cewa ko ɗaya, har ta rasu.

Yanzu in ana irin wannan biki a garinmu, lasifika ake kafawa, ana jin ta har kasuwa. Goge yana cikin wayar kowane yaro, ban kuma ga mai toshe kunne ba, ko da yake ba zan ce babu ba. Masu kaɗi sun ƙare a unguwarmu. Ni na yi karatu mai ɗan nisa, na tsaya gaban mutane na karanta takardu da yawa, amma wancan karatun ne kaɗai har yau ban san ko ya isa inda aka nufa da shi ba.

Saboda haka ina roƙon duk wanda yake filin a ranar ya gyara mini inda na kauce, ko a shekara, ko a tsarin zama, ko a wanda ya ce goge ya ci gaba. In akwai wanda ya san kiɗin da aka ja a bayana, ya gaya mini. Musamman ina roƙon matan da suka zauna a tabarmin gindin gawo, ta hagun wata tsohuwa mai kallabi har kunne. Lokacin kuna yara, na sani. In kun ga hannunta, ku faɗa mini abin da ya yi, ko da ba amsar da nake so ba ce.