Ni Na Roƙi A Kai Ni Tibiri

A rediyo na ji sanarwar, ina zaune a tsakar gidan kawuna a unguwar Zariya ta Maraɗi, ina tsinkar zogalen da Inna ta aiko mana daga Jiratawa. Aka ce za a ɗauki sababbin ƴan sanda, maza da mata. A lokacin na gama lise, wato sakandare, ina zaman jiran abin da Kawu zai yanke a kaina. Shi ya riƙe ni tun rasuwar babana, shi ya ɗauki nauyin karatuna, kuma duk mai harkar atamfa a Maraɗi ya san shagunansa.

Da ya gama cin abincin rana na durƙusa a gabansa, na ce zan shiga konkur, wato jarrabawar ɗaukar aikin.

"Mi kika ce?"

"Aikin polis nike so, Kawu."

Ya ture kwanon abincin gefe. "Ɗiyar ƙanwata ta sa wando, ta tsaya bakin titi tana busa wa ƴan kabu-kabu usur? Ga shago nan, na tanadar miki kujera. Kada in ƙara jin maganar ga a gidana."

Ban yi masa musu ba. Washegari na gaishe shi, na yi masa godiya, na ɗauki jakata na hau motar Jiratawa. Tunda ya ce kada ya ƙara jin maganar a gidansa, sai na fita da ita daga gidan.

Inna ta saurare ni har na kai ƙarshe, ba ta katse ni ba. Abu ɗaya ta tambaya.

"An ce ana gudu. Kina iyawa?"

"Zan koya, Inna."

"To koyi. Yayana ne, na san fushinshi. Ke dai kada ki koma mishi da kuka."

Kullum bayan sallar asuba sai in sa dogon wando da ƙaramin hijabi, in bi gefen magudanar ruwan da ke ratsa gonakin rani. Makon farko ko gonar albasa ta biyu ba na kaiwa, sai ƙirjina ya ɗau zafi in tsuguna. Manoma su jingina da fartanya suna dariya. "Wa ya biyo ki, baiwar Allah?" Wani dattijo ya taka har gidanmu, ya ce wa Inna wannan abin kunya ne ga ƴa mace. Ina ɗaki na ji amsarta.

"Malam, da suturarta take gudu, kuma ba ta taka ma shuka ba."

Kafin ranar gwaji ta zo, ina zaga gonakin duka in dawo da numfashina. Dariyar ma ta ragu, sai dai in ji wani ya ce, "Ga ta nan kuma."

A babban filin wasa na Maraɗi aka tara mu. Maza sun cika wurin, mu mata kuwa inuwar bango ɗaya ta ishe mu. Kusa da ni a layi akwai wata yarinya ƴar Tibiri, siririya, mai saurin magana. Da aka yi gudu ta wuce mu duka, ni ce na bi bayanta. Amma da aka zo awon tsayi sai ta gaza da ɗan kaɗan, abin da bai fi faɗin yatsa ba. Ta miƙe wuya, ta roƙa a sake aunawa, aka sake, aka ce ta yi haƙuri.

Na same ta a bakin ƙofa tana ɗaure takalmi. Ba kuka take ba. Ta ba ni labarin yayarta, wadda wani ya tare a hanyar dawowa daga gona. An kai ta wurin ƴan sanda, sun karɓe ta da mutunci, sun yi ta lallashi. Amma duk maza ne, ita kuwa abin da aka yi mata ba ta iya furta shi a gaban namiji. Ta sunkuyar da kai har aka gaji, maganar ta mutu a nan.

"Shi ya kawo ni," ta ce. "Ke da Allah ya ba tsawo, in kin ci, ki tuna da mu."

Na ci gudun, na ci rubutun, aka tura mu makarantar horo a Yamai. Da aka kusa yaye mu aka tambayi kowa inda yake so a kai shi. Yawanci babban birni suka nema, wasu bakin iyaka. Ni na ce Tibiri. Malamin da ke tambayarmu ya ɗago kai, ya ce ko na san yawan ƴan sandan da ke can bai taka kara ya karya ba, ga aiki ba hutu. Na ce abin da ya sa na nema ke nan.

Kawu, wanda tun barina gidansa bai amsa gaisuwata a waya ba, ya aika a kira ni da na zo hutu. Na same shi a falo, fuska a sake.

"Tunda kin yi taurin kai kin shiga, ba ni bari ki wahala. Na yi magana da manya. Nan cikin gari za a aje ki, ofis mai kilima, sanyi na busa ki, kusa da kasuwa. Ko rana ba ta taɓa ki."

"Kawu, na gode. Amma na riga na roƙi Tibiri."

"Tibiri? Mi aka aje miki can?"

"Kawu, daga ƙofar gidan ga zuwa shagonka, ƴan sanda nawa kake wucewa? Ga su bakin banki, ga su a kowane shataletale. Can mace na zuwa da ciwo a ranta ta rasa wadda za ta gaya wa. Ba su fi mu zunubi ba."

Fuskarsa ta canja. Ya ce na watsa masa ƙasa a ido a gaban mutanen da ya roƙa. Na ce ya gafarce ni, amma ba zan janye ba. Kafin ranar ban taɓa ce masa a'a ido da ido ba. Har yau idan na je gaishe shi da sallah, a taƙaice yake amsawa.

Abin da malamin nan ya faɗa gaskiya ne. Ranar kasuwa mutum ɗaya ke raba faɗan mahauta, ya nemo akuyar da ta ɓata, ya koma ya tsare hanya. Ba mota kullum, wani lokaci babur ɗin ma ba mai. Amma ban yi wata guda ba labari ya bazu cewa an kawo mace. Suka fara zuwa, wasu da goyo, wasu da uwayensu, su leƙo su ce, "Ita muke nema." Nakan ja su bayan ofis, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, in shimfiɗa tabarma. A nan na ji abubuwan da aka shekara ana haɗiyewa, kuma wasunsu sun kai gaban alƙali.

Duk taron da manyanmu suka kira a Maraɗi, sai na ɗaga hannu na ce a ƙaro mana mutane, a sa mata a ciki. Wani babba ya taɓa ce mini in iya bakina, ƙaramar ma'aikaciya ba ta tsara rabon ma'aikata. Na sara masa, na ce na ji. Taro na gaba na sake ɗaga hannu.

Bara aka turo mana mace ɗaya. Da aka kira ni a waya aka gaya mini, na ce madalla, Allah ya saka da alheri, sai kuma yaushe za a turo ta biyun.