Dokokin Ajin Malam Maharazu

Duk mai bin titin Bunkure zuwa Kura ranar Asabar da sassafe ya san wani dattijo siriri a kan tsohon babur, hula a karkace, jaka ɗaure a baya da igiyar roba. Ba ya gudu, ba ya kuma tsayawa doguwar gaisuwa. Iyakarsa ya ɗaga wa masu yashe kanal ɗin ban ruwa hannu, ya ratsa ta gaban injinan casar shinkafa, ya shige cibiyar da wata jami'a ta buɗe a Kura don masu karatun Asabar da Lahadi. Kafin ɗalibin farko ya iso ya goge allo, ya jera kujeru, ya ajiye kwandon kaba a bakin ƙofa. Wannan shi ne Malam Maharazu Jaji, malamin Sifaniyanci, wanda zai ajiye aiki a ƙarshen zangon nan. Ba a shirya masa walima ba, ba a kuma ji wani yana zancen lambar yabo ba.

Za a ce, to me ya haɗa manomin tumatir da Sifaniyanci? Shi dai Malam a ƙasar Kuba ya koyo shi, lokacin da aka tura shi karatun noman rani yana saurayi. Ya dawo ya yi shekaru yana aikin ruwa, harshen yana kwance a bakinsa babu abokin hira, har jami'a ta neme shi. Su kuwa samari abin da ya kawo su daban ne. Labari ne ya game gari cewa a kudancin Sifaniya ana noma tumatir a cikin rumfunan leda, kuma ana neman hannu. A nan gida, shekara guda tsutsar tumatir da ake kira sharon ta cinye gona, wata shekarar kaya su yi yawa har a zubar da kwanduna a gefen titi a Kwanar Gafan. Yaro ya yi wahalar rani gaba ɗaya ya tashi a tutar babu, me zai hana shi sauraron mai cewa akwai hanya ta Agadas? Malam ya san sarai yawancin masu cika masa aji ba son boko ne ya kawo su ba, shirin tafiya suke yi.

Shi ya sa aji na biyu ya zama abin tsoro. Ranar farko yakan tsaya ya faɗi dokokinsa da Hausa, kuma ita ce Hausar ƙarshe da za a ji daga bakinsa a ɗakin nan. Waya a kwando take kwana har a tashi. Wanda ya tsallako ƙofa ya bar Hausa da Turanci a waje tare da takalminsa, ko ruwa yake so sai ya roƙa da Sifaniyanci, in ya kasa ya haɗiyi yawu. Aikin gida da hannu ake rubuta shi, wanda kuma ya ba waya ta fassara masa, wayyo shi, don Malam zai tsayar da shi ya ce ya yi bayanin jimla ta uku, nan take ido ya raina fata. Jarrabawar baki, gaba da gaba, ita ce mai maki mafi yawa. Babbar dokar kuwa ita ce ta fashi: wanda ya yi fashi sau uku, ba ciwo ba mutuwa, ba zai zauna jarrabawa ba, sai ya maimaita shekara.

Kada a ɗauka mugunta ce kawai. Malam ba ya kafa doka sai ya toshe uzuri. Ɗalibansa manoma ne, kuma a wannan yanki ranar da aka buɗe wa ɓangarenka ruwa, ko ɗaurin auren ƙaninka ne sai ka je gona, in ba haka ba shukarka ta ƙone. Saboda haka kafin kowane zango yakan hau babur ya bi masu buɗe ƙofofin ruwa ɗaya bayan ɗaya, ya ji wane ɓangare ake ba ruwa wace rana, da safe ko da yamma, sannan ya zauna ya tsara lokacin darasi a kai. Ya sha faɗa da mahukuntan cibiyar kan wannan, suna cewa ba a taɓa jin kanal ta tsara wa jami'a lokaci ba. Ya ce to a nan an ji.

Abin da yake nema ɗaya ne, ya riƙe yaran nan. Karatun shekara biyu ne. A cikin shekara biyu wani ya yi aure zuciyarsa ta kwanta, wani ya samu shaidar da zai nemi tafiya ta hanyar da doka ta yarda, wani kuma ya iya karatu har ya karanta da idonsa labaran kwalekwalen da ke nutsewa, don su Malam ke kawowa a matsayin darasin karatu. Ya yi imani duk yaron da ya daɗe a kujerar nan, hamada ba za ta same shi da sauƙi ba.

Sai ga Taufiq, ɗan Malam Baballe, wani manomin albasa daga ƙauyukan Bunkure. Kai, yaron nan yana da baki! Abin da wasu ke kwana uku suna lanƙwasa harshe a kai, shi sau ɗaya zai ji ya maimaita. Malam ba ya yabon ɗalibi a gabansa, amma kowa ya ga yadda fuskarsa ke sakewa in Taufiq ya miƙe. A tsakiyar aji na biyu yaro ya fara fashi. Da ya cika na uku, Malam ya tare shi a bakin ƙofa bayan an tashi.

"Ina ka shiga?"

"Allah ya gafarta Malam, ban ruwa ne."

"Ɓangarenku Talata ake ba shi ruwa. Faɗa min gaskiya."

Taufiq ya sunkuyar da kai. Ashe Kano yake zuwa wajen wani mai haɗa tafiya ta hamada. Nan take Malam ya yanke shawara: zai hana shi jarrabawa kamar yadda doka ta ce, yaro ya maimaita shekara, ya ƙara samun shekara guda yana gabansa. Haka ya lissafa, kuma ya ɗauka ya yi dabara.

Washegari Malam Baballe ya zo har zaurensa, ƙafa duk taɓon gona. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, ni ban yi boko ba, amma na san ɗana. In ka bar shi ya zauna jarrabawar nan ya ci, zai jira tafiya ta takarda. In ka kore shi, wallahi tafiya zai yi. Ka dubi girman Allah."

"Ba korarsa na yi ba, Malam Baballe. Kujerarsa tana nan baɗi. In na ɗaga masa, gobe mutum goma za su je Kano su dawo su ce ban ruwa ne, kuma ba ni da bakin hana su."

"Goman nan ba ni na haife su ba."

Malam bai janye ba. Malam Baballe ya ɗauki takalmansa ya fita ko sallama babu. Kafin a yanke shinkafar damina Taufiq ya bar gari, bai yi wa kowa bankwana ba sai mahaifiyarsa, Saude.

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. Malam Baballe ya daina amsa gaisuwarsa, ko a masallacin Juma'a suka haɗu sai ya sauya sahu. A majalisa aka riƙa cewa boko ya busar wa Maharazu da zuciya, ya zaɓi doka a kan ɗan mutane. Masu faɗin haka, da yawansu ba su taɓa tambayar nasu 'ya'yan ina suke yini ba, amma baki ai ba ya gajiya. Malam bai kare kansa ba. Ya ci gaba da zuwa aji, sai dai ya rame, kuma ɗalibai sun lura bai taɓa barin kowa ya zauna a kujerar Taufiq ba.

Wata Lahadi da hantsi, ana tsakiyar darasi, sai ga Malam Baballe a bakin ƙofa, yana haki, waya a hannu ya miƙo ta gaba kamar mai riƙe da garwashi. Wata mata ce ke magana a ciki, tun safe take kira, babu wanda ya gane abin da take cewa. Mutumin da ya yi wata da watanni bai dube shi ba ya ce, "Malam, don Allah ji min."

Malam ya karɓa. Wayar a buɗe take, kowa na ji. Ma'aikaciyar jinya ce daga wani asibiti a bakin tekun Sifaniya. Ta ce an tsamo wani kwalekwale, an kawo musu wani saurayi da sauran numfashi. Ya yi kwana biyu, ya yi musu magana da harshensu, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya ce shi Musulmi ne, ya ba da lambar nan. Sannan ta faɗi sauran.

Abin da ba zai taɓa fita daga ran waɗanda ke ɗakin ba shi ne, duk ajin ya gane kafin uban ya gane. Sun iya harshen daidai gwargwadon da za su fahimci wannan kalma. Wata ɗaliba, Muhsina, ta ja mayafi ta rufe fuska. Samari suka sunkuyar da kai. Malam Baballe yana tsaye yana bin fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa Malam bai ajiye wayar ba sai da ya gama tambayar sunan asibitin da na garin, ya roƙe ta kada a taɓa gawar. Sannan ya juyo, ya kama hannun mutumin, ya ce da Hausa, "Malam Baballe, sai haƙuri. Allah ya yi wa Taufiq rasuwa yau da asuba." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Maharazu, kai ne ka kwashe makonni kana bin waya daga ofis zuwa ofis a ƙasar da ba ka taɓa takawa ba, har ka samo jama'ar wani masallaci a garin suka yi masa wanka da sutura, suka sallace shi, aka binne shi yana fuskantar alƙibla da sunansa a kai. Kai ne ka kai wa Saude hoton kabarin, ka tsaya daga bakin ƙofa kana jin kukanta, ba ka gudu ba. Kai ne tun daga ranar iyaye daga Kura da Bunkure da Garun Malam ke kawo wa waya in baƙuwar murya ta kira, wani ɗansa na tsare, wani na asibiti, wani an ce a zo da shaidar kamanninsa don a gane gawa. Kunnen iyaye, bakin marasa baki. Ba ka taɓa sassauta labari ya zama ƙarya ba, ba ka kuma taɓa jefa shi kamar dutse ba.

Bayan sadakar arba'in Malam Baballe ya sami Malam Maharazu su biyu, ya yi masa tambayar da ke cin su duka. "Da ka bar shi ya zauna jarrabawar, da yana nan?"

Wani da sai ya ce ai kwana ne ya ƙare, kuma da ba wanda zai musa masa. Malam ya ce, "Ban sani ba. Kullum sai na tambayi kaina, har yau ban sani ba."

Bai soke dokar fashi ba. Abin da ya sauya shi ne, ba ya jiran na uku. Ranar da ɗalibi ya yi fashin farko, da an tashi zai hau babur ya bi shi har gida ko gona, ya zauna da shi da ubansa a yi ta a fili. Akwai samari a yankin nan da suke raye da iyalinsu, waɗanda za su gaya maka da bakinsu cewa zuwan nan ne ya sa suka fasa.

Yanzu ga shi zai tafi, jami'a kuma ta ce ba ta da wanda zai gaje shi, za a rufe ajin. Haka kawai, kamar an rufe shagon shayi. Makon jiya Malam Baballe ya sake sallama a zaurensa, wannan karon da ƙanin marigayi, Abdulsamad, wanda gemu ya fara fito masa.

"Malam, wannan ma ya fara zancen tafiya. Ka riƙe min shi."

"An ce za a rufe ajin, Malam Baballe."

"Ni ban san jami'a ba, kai na sani."

Malam ya daɗe yana kallon saurayin, don kamarsa da Taufiq ta yi yawa. Ya ji tsoro, tsoro na gaske, irin na wanda aka sake miƙa wa abin da ya taɓa faɗuwa a hannunsa. Ya ce, "Dokokina fa suna nan yadda ka san su."

"Na san su. Ba wanda ya kai ni saninsu."

"To ya zo Asabar, a nan zauren."

Mun gode, Malam Maharazu. Allah ya saka maka da alheri, ya sauƙaƙa maka nauyin da kake ɗauke da shi, ya jiƙan Taufiq da sauran 'ya'yanmu da ruwa da rairayi suka ci. Ku kuma mahukunta, ku nemo wanda zai tsaya a gaban allon nan, don rufe aji ba zai hana kowa tafiya ba, sai dai su tafi ba baki. Sauran malamai da iyaye, ba sai mun iya Sifaniyanci ba kafin mu yi koyi da shi. Wanda ya duba ya ga wurin yaronsa babu kowa, a aji ne ko a gona ko a sahun salla, ya tashi ya bi shi tun ranar, kada ya zauna sai an kira shi a waya.