Yadda Kawu Ya Rasa Lasin

A wurin kawuna, wan mahaifiyata, na koyi sana'ar rubuta wa mutane takarda. Mutumin Doguwa ne, amma duk ranar kasuwar Tudun Wada a gindin wata tsamiya za ka same shi, ya shimfiɗa buzu, ga kwalbar tawada, ga alƙaluman kara. Ni ina gefensa da tawa tabarmar. Lokacin har na yi aure na ajiye iyali, amma in layina ya karkace sai ya dungure mini kai a gaban jama'a.

Da ajami muke rubutu. Muna rubuta wasiƙa zuwa ga ɗan ci-rani, da shaidar sayen gona, da kuma koke, wato takardar kai kuka gaban alƙali ko hakimi. Koke shi ne romon sana'ar, kuma ba a rubuta shi sai da lasin hukuma. Kawu ya riga kowa samun lasin a duk yankinmu. A Doguwa ba mai kiran sunansa, Malam mai lasin ake ce masa, har matan gidansa.

Koke yana da ƙa'ida. Kawu ya ce babba ba ya jin kukan wanda ke tsaye, sai ka durƙusar da mai ƙara tun a layin farko. Saboda haka ko sarkin noma ne mai hatsi rumbu-rumbu ya zo, haka za mu fara: "Ni bawanka talaka ne, jahili, ban san ko alif ba, ba ni da kowa sai Allah sai kai." In an gama, mai koke ya dangwala yatsa a ƙasa. Ba kuwa shi zai dangwala da kansa ba, don manomi in ka bar shi sai ya huda takardar. Kai za ka kama babban yatsan nasa, ka shafa masa tawada, ka ɗora. Mun yi wannan har hannunmu ya daina neman izininmu.

Wata shekara cikin shekarun hamsin, Turawa ba su kai ga tafiya ba, sai ga masinja da sanarwa. Daga sabuwar shekara ba za a sabunta lasin kowa ba sai wanda ya gama elementare, ko ya ci jarrabawar boko. Ni raina ya ɓaci, amma Kawu tuwo ma ya kasa ci. Gemunsa ya riga ya yi fari, a ce ya koma ya koyi rubutu daga hagu? Ya ce wanda ya riga ya ƙetare rafi ba a dawo da shi a ce sai ya koyi iyo. Ya rantse sai ya kai dokar ƙara.

Muka aika wa 'yan'uwanmu masu lasin, ɗaya a Bebeji, ɗaya a Kiru, muka haɗu a rumfar wata mai tuwo a Kwanar Dangora. Na Bebeji ya taɓa zama a birni, yana da agogon hannu da ba ya tafiya, amma ba ya magana sai ya dube shi. Na Kiru kuwa mutumin kirki ne, sai dai duk wanda ya yi magana a ƙarshe shi ne mai gaskiya a wurinsa. Na Bebeji ya ce a ɗauko lauya. Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Mu da muke rubuta wa duniya kuka, mu ne za mu yi hayar mai kuka? Miƙo tawada."

Gaisuwar farkon takardar kaɗai ta ci mana hantsi. Kowa da yadda yake kirarin alƙali, kuma kowa yana ganin na ɗan'uwansa shirme ne. Har mai tuwo ta ce ko mu ƙara malmala ko mu ba ta tabarmarta. Daga ƙarshe girma ya yi aikinsa, Kawu ya rubuta. Hujjojinsa kuwa ko yau ina iya kare su. Ya ce mun daɗe muna aikin ba a taɓa kama mu da ha'inci ba. Ya ce ilimi ba daga hagu kawai yake farawa ba. Ya ce doka gaba take ci, ba ta komawa baya ta ci waɗanda ta tarar.

Ya karanta mana daga farko har ƙarshe. Muka yi ta gyaɗa kai, na Kiru har da share hawaye. Mu huɗu, masu cin abinci da rubutu, ba wanda kunnensa ya ji wani abu. Sai Kawu ya kama yatsana ya shafa tawada ya ɗora. Ni na kama na mutumin Kiru, shi ya kama na mutumin Bebeji, shi kuma ya kama na Kawu cikin ladabi. Muka wanke hannu a kwanon mai tuwo muka watse muna jin mun gama da hukuma. Sabo turken wawa.

Ranar shari'a kotu ta cika, don labari ya bazu cewa malaman wasiƙa za su kayar da doka. Alƙalin dattijo ne, ya yi shekara da shekaru yana karɓar takardunmu. Hukuma ta turo wani akawu ya tsaya mata. Muhuti, mai karanta wa alƙali takardu, ya gyara murya ya fara. Da ya wuce gaisuwa sai na ji ya ce, "Mu bayinka talakawa ne, jahilai, ba mu san ko alif ba."

A bakin Kawu wannan layin bai taɓa yi mini ƙara ba. A bakin muhuti sai na ji shi kamar mari. Wani daga baya ya tuntsire da dariya, ɗan doka ya daka masa tsawa alhali shi ma kafaɗarsa na rawa. Da aka gama, alƙali ya tambayi akawu ko yana da magana. Ya miƙe ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai sun hutar da ni." Ya zauna. Har yau ban yafe wa mutumin nan ba.

Alƙali ya karɓi takardar ya juya ta, ya ƙura wa ƙasanta ido. Ya ce wa Kawu, "Malam, a sama kun ce ku jahilai ne. A tsakiya kun ce ku malamai ne. A ƙasa ga yatsu huɗu, ba sunan kowa. Wanne zan ɗauka?"

Kawu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai haka ake koke. Ladabi ne."

"To, duk waɗanda kuka aiko mini kuka ce talakawa ne ba su da kowa, na ji tausayinsu, su ma ladabi ne?"

Kawu ya shafa gemunsa. Na Bebeji ya dubi agogonsa. Na Kiru, da ba a tambaye shi ba, ya ce, "Gaskiyar alƙali ne."

Alƙali ya rufe baki da hannun riga na ɗan lokaci. Sa'an nan ya ce shi ba shi da ikon soke dokar hukuma, abin da zai iya shi ne ya aika da kukanmu sama. Amma wannan takardar in ta je, ita za ta yi shaida a kanmu. Mu sake wata. Kawu ya ce shi tun da yake bai taɓa sake koke ba, ba kuwa zai fara da nasa ba. Mu uku muka sake, kowa ya rubuta sunansa, takarda ta fito tsirara ba ko daɗin ji. Ta tafi, bayan girbi amsa ta dawo: doka tana nan daram, mai son lasin ya shiga ajin manya.

Ajin kuwa sunansa yaƙi da jahilci. Kawu ya ce shi da ya sauke Alƙur'ani tun kafin a haifi malamin ajin ba zai zauna inda sunan wurin ma zagi ne ba. Na roƙe shi, na turo masa mahaifiyata, ya ce ta koma gida ta gaishe da yara. Mu muka shiga, muna maimaita baƙaƙe da ƙarfi tare da mahauta da 'yan koli. Na ci jarrabawa da ƙyar, aka ba ni lasin. Shi kuwa ya naɗe buzunsa ya koma gonarsa a gindin duwatsun Doguwa.

Damina ta zagayo. Wata ranar kasuwa ina cikin aiki na ɗaga kai, sai ga Kawu tsugune a bayan wata tsohuwa, yana jiran a zo kansa. Na zabura zan ba shi wurina.

Ya ce, "Zauna, kai ke da wurin. Birai ne suka sauko daga dutse suka gama mini da masara. Bindiga nake nema, an ce ita ma sai da lasin, kuma takardar neman sai mai lasin ya rubuta. Yanzu a ƙasar nan biri ne kaɗai ke aiki ba lasin."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Na ɗauki alƙalami na rubuta da boko, yana kallon alƙalamin yana tafiya ta inda bai saba ba. Da na gama na karanta masa a hankali, yadda ake karanta wa wanda ba zai iya dubawa da kansa ba. Ya saurara kansa a ƙasa. Ina jira ya ce gaisuwar ta yi gajarta, ko ya dungure mini kai, wallahi da ya yi da na ji daɗi.

Sai ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ba na bayansa wuri.