Gululun da na tono a kufai

Ranar wata Asabar ce, kwana biyu bayan ruwan farko, a shekarar da nake aji biyar na firamare a Gwandu. Mu goma sha ɗaya muka bi Malam Sanda zuwa wani kufai da ke bayan gonar babana, kowa riƙe da abin da ya sato daga madafin uwarsa. Wani cokali, wata tsohon ludayi, ni kuwa guntuwar tsintsiya da marfin langa. Ƙasa sai ƙamshi take, ga tsingaro birjik ruwa ya wanke shi tas, mu kuma muna tafe muna tsalle kamar 'yan awakin da aka kwance wa igiya.

Wani tsohon littafi mai hotuna ne ya jawo wannan fita. Malam ya nuna mana labarin wasu Turawan can ƙuryar arewa, mutanen Nos, waɗanda suka shiga jiragen ruwa da matansu da tumakinsu suka zauna a tsibiran da ko itacen kirki babu. Da dutse da ƙasa mai ciyawa suka gina dogayen ɗakuna, a wasu ma mutane na gefe guda shanu na gefe guda. Wannan ya ba mu dariya ƙwarai, don mu ko akuya ta leƙo ɗaki sai ta sha muciya. Bayan ɗaruruwan shekaru masu bincike suka tone wurin, suka samo matajin ƙashi da kwanon dutse, da su suka gane yadda mutanen suka rayu. Malam ya ce mu ma muna da namu a ƙarƙashin ƙafa, kuma duk wanda ya samo abin da ya fi kyau, za a sa shi a kabad mai gilashi na ofishin hedimasta, da sunansa a jiki. Tun daga ranar na sa wa kabad ɗin nan rai.

Malam ya kafa tsinke ya ja zare, ya yanka wa kowa ɗan fili. "A hankali," ya yi ta faɗa, "ba rogo kuke haƙa ba." Sahabi, sarkin surutun ajinmu, ya tono muƙamuƙin jaki ya rantse na dokin wani mayaƙi ne. Ni har rana ta take ban samu komai ba sai gawayi. Ina shirin yin zuciya tsintsiyata ta share wani ɗan dunƙulen yumɓu mai huda a tsakiya, baƙi, sumul, da zane uku a gefe da ɗigo ɗaya. Malam ya karɓa ya duba. Ya ce gululu ne, irin wanda ake sa wa mazari a yi kaɗi, kuma ga irinsa na dutse a littafin mutanen Nos. Abin nema ya samu! Ya yarda in kai gida in nuna, in dawo da shi ran Litinin.

Kakata, uwar babana, Kaza take kirana saboda tone-tonena, kullum tana min gorin cewa wata rana zan tono wuƙar yanka ni. Na same ta a gindin darbejiya tana tsince auduga, na cilla mata gululun a cinya ina taƙama. Na jira tsiyar da ta saba, sai ta juya shi, ta bi zanen da farcenta, ta sake bi.

"Kaza, ina kinka samo wanga?"

Na gaya mata. Sai ta ce, "Wanga na innata na. Hannunta na."

A nan na fara jin labarin. Uwarta 'yar Kalgo ce, mai ginin tukwane, kuma duk abin da ta gina sai ta sa masa farce uku da ɗigo. A kufan nan suka zauna kafin rijiya ta ƙafe mutane su tashi. Uwar ta rasu Kaka ba ta isa ɗaukar tulu ba, ba ta bar mata ko ƙyalle ba. Da Kaka ta ce in ba ta, da na yi gardama na ji daɗi. Sai kawai ta miƙo min ta ce, "Kai ma malaminku, kak ki ɓata mai rai."

Ranar Lahadi na yi ɗiban ruwa, na yi surfe, na kai wa babana fura gona, duk gululun na ƙulle a bakin zanena yana dukan gwiwata. Ina son kabad ɗin nan kamar raina, ba zan ɓoye ba. Amma sau biyu na kama Kaka tana kallon ƙullin ta kau da kai. Ran Litinin na bar shi cikin taskirarta, na tafi makaranta hannu biyu, na faɗa wa Malam gaskiya ina kuka da majina.

Ban sha bulala ba. Da la'asar sai ga Malam a kan kekensa, ya durƙusa ya gaida Kaka. Ita kuwa ta riga ta sa gululun a mazari, ta shafa alli a yatsu, ta murza. Abin ya juya lafiya lau, zare na fita siriri, tana dariya har da hawaye. Asabar ta gaba ita ta ja mu zuwa kufai da sandarta, tana nuna inda rijiya take, inda rumbuna suke, inda uwarta ke gasa tukwane, Malam na bin ta yana zanawa. Muƙamuƙin jakin Sahabi ne ya shiga kabad, da sunansa ɓaro-ɓaro, kuma har yau in mun haɗu sai ya tuna min.

Yanzu gidajen bulo sun cinye kufan, yara sun fi sanin waya da tsingaro, Kaka da Malam duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su. Bara 'yata da ke karatu a Turai ta je ɗaya daga tsibiran nan, ta turo min hoton gululun dutse a cikin gilashi, da 'yar takarda a gefe. Na tambaye ta ko an rubuta sunan mai shi, ta ce babu wanda ya sani. Na buɗe akwatina na ɗauko namu, na bi farce ukun nan da yatsana. Sunan mai namu Hajo, 'yar Kalgo, kuma 'yarta ta yi kaɗi da shi har ƙarshen ranta.