Motar Da Kamfaninta Ya Mutu Ta Shiga Tsakanina Da Ƙanena

A shekarun da abin nan ya faru ina sana'ar turaren wuta da humra a Shehuri. Maigidana ya rasu ya bar ni da yara, amma Allah ya sa wa kasuwata albarka. Tun ina yarinya nake da saurin zargi, kuma a lokacin ina ɗaukar hakan wayo ne. Mahaifiyarmu tana zaune a Dusuman, ciwon gwiwa ya sa hawa keke mai ƙafa uku ya zame mata azaba, ga shi likita yana son ganinta a kai a kai. Shi ya sa na ƙudura sayen mota.

Akwai wani tsohon gidan sayar da motoci da muke wucewa tun muna yara, allon sunansa ya koɗe har ba ya karantuwa. Can na je. Mai wurin dattijo ne mai sanyin murya, da carbi a hannu, yana ta kirana 'yarsa. Motocin suna sheƙi, sai dai irinsu ba su da yawa a titi. Ya ce sababbi ne, ajiya kawai suka sha. Ya kuma gargaɗe ni kada in kai wa kowane makanike, in riƙa dawo da ita wurinsu, don su kaɗai ke da kayanta. Ta wata ƙofa na hango motoci a baya an lulluɓe su da tamfol, da ya ga ina kallo sai ya tashi ya tura ƙofar. Na ji shakka, amma araha ta rufe mini ido.

Ƙanena, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya gama karatu bai sami aiki ba, sai na damƙa masa tuƙin. Da farko lafiya lau. Tun da aka kai ta sabis na farko kuwa ba ta sake zama daidai ba. Yau ta yi zafi, gobe ta ƙi tashi. Da na yi wa dattijon ƙorafi, ya girgiza kai ya ce kayan irin motar nan suna da tsada a hannun 'yan kayan gyara, kuma samarin yanzu ko ɗan cikinka ne sai ka sa ido. Bai ambaci kowa ba, ni na ƙarasa masa maganar a zuciyata. Daga nan in ƙanena ya sa sabon takalmi sai in tambayi kaina ina ya samu. In ya daɗe a gidan mai sai in bi shi da waya. Har makulli na koma ɓoyewa.

Ranar da motar ta mutu mana a hanyar asibiti, rana tsaka, muka ɗauki mahaifiyarmu muka sa a keke tana cije baki don zafi, haƙurina ya ƙare. A gabanta na ce masa ɓarawo, yana kwance kayan motata yana sayarwa. Ya ce kawai in ba shi jan farcen 'yata. Da aka jawo ta gida, a kan idona ya buɗe gaban motar ya ɗiga jan a ɓoyayyun wurare, jikin famfon mai da lagireto da sauransu, muka kai ta sabis tare. Da aka dawo mana da ita, famfon da ke ciki ba shi da ɗigon. Ko a nan ban saki zargina ba, sai na ce a raina wataƙila bakinsu ɗaya.

Shi ya matsa muka koma, ya ce wa dattijon wani abokinsa ke son mota, a buɗe masa wadda ke gaba ya duba. Ga jan farcen 'yata a jikin famfonta. Dattijon ko a jikinsa. Ya ce kamfanin da ke ƙera motocin ya rufe tuntuni, kaya ba sa zuwa, aro suke yi daga wannan su sa wa waccan, kuma da ma zai mayar mini. Waɗanda ke ƙarƙashin tamfol ɗin duk an cinye su, ƙwarangwal ne kawai.

Motar ta ƙare a hannun masu sayen ƙarafa, wannan bai dame ni sosai ba. Ƙanena ya ce ya yafe, amma ya kwashe kayansa ya koma wurin wani abokinsa a Old Maiduguri. Yana zuwa gaishe ni da salla, ya tsaya a zaure kamar baƙo, ko ruwa ba ya sha.

Na gane cewa zargina bai taɓa kuskuren jin warin cuta ba, inda ya kuskure shi ne ya tsallake baƙo mai daɗin baki ya faɗa kan nawa. 'Yan'uwa, kafin ku sayi mota ku bincika ko masu ƙera ta suna nan, kuma ku ji tsoron duk wanda ya ce shi kaɗai zai iya gyara muku. In kuma baƙo ya fara nuna muku ɗan'uwanku da baki, ku fara duba hannun baƙon.