Motar da Aka Gwada da Buhunan Shinkafa

Tun ina ɗan sakandare nake da mota, sai dai a cikin littafi take. A unguwarmu ta Nasarawa, cikin Birnin Kebbi, akwai wani mai shago da ke ba da hayar littattafan soyayya, kuma kusan duk wanda na ɗauko, saurayin cikinsa da doguwar baƙar mota yake zuwa zance. Ya tsaya a ƙofar gida, gilashi ya sauka a hankali, sanyi da ƙamshin turare su riga shi gaida budurwa. Na karanta irin wannan wurin ya fi a ƙirga, ban taɓa gajiya ba.

Ni kuwa da na tashi neman aure a Argungu, a kan babur na je. Wata la'asar muna zaune a zauren gidansu, na ce wa wadda ta zama matata wata rana da irin motar littafi zan kawo ta gidan nan. Ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Ƙanwarta da ta kawo mana ruwa ta ji, kuma ba ta manta ba. Shekara goma sha ɗaya, duk zuwan da muka yi a motar haya, sai ta tare mu a zaure ta ce, "Yaya, ina anka aje motar littahi? Ko ba a kai ga babin ba tukuna?"

Ita wannan ƙanwar ce ta haihu, aka sa suna ranar Asabar. Ran Litinin ɗin makon wani dillalin motoci ya kira ni ya ce in zo in ga abin da na daɗe ina nema.

Na same ta a inuwar dogon yaro, baƙa wuluk, doguwa, irin ta manya. Kujerunta na fata ne masu launin madara. Da na rufe ƙofa sai hayaniyar titi ta ɗauke ɗif, kamar an toshe mini kunne. Motar ta sha hannu, ta kuma sha hanya, don lambobin mitarta sun nuna ta yi tafiyar da ta isa ta tsufar da mota biyu. Ni dai ban damu ba. Har na hango kaina a ƙofar gidan surukaina, gilashi yana sauka.

Matata ce ta hana ni karɓar makulli a ranar. Ta ce, "Malam, ka dai tafi da ɗan kawu ya duba."

Ɗan kawun nawa makanike ne, kuma taubashina, ba ya ganina bai tsokane ni ba. Washegari da sassafe muka je. Bai ko kalli fentin ba, tafin hannu ya ɗora a kan bonet.

"Da zahi," ya ce wa dillali. "Wa ya tashe ta tun da asuba?"

"Wanke ta anka yi."

"To mu jira ta huce. Mota kamar mutum take, in kana son sanin lahiyarta, ka gan ta tashinta daga kwana."

Muka zauna kusan awa biyu, ni kamar a kan ƙaya. Da inji ya yi sanyi, ya murɗa makulli rabi ya tsaya yana ƙirga fitilun gargaɗi, wai akwai masu cire ƙwan wadda ke tona asiri. Duk suka kama, ya tayar, duk suka mutu. Ya tura ni baya in kalli salansa, ya ce in na ga shuɗin hayaƙi in ɗaga hannu. Ban ga komai ba. Ya buɗe murfin baƙin mai ya leƙa, ya shinshina man giya, ya kwanta a ƙasa yana neman ɗigo. Ya ɗaga kafet ya shafa ƙarƙashi, ko ta taɓa shan ambaliya. Duk abin da ya wuce lafiya, sai in ji zuciyata ta ƙara tashi sama.

"Angon littahi," ya ce yana goge hannu, "injin ga tsoho ne mai riƙon amana. Saura gwaji guda. Ina za ka da ita?"

"Argungu mana."

"Gidan Inna?"

"Awo."

"To a kawo buhu huɗu."

Akwai injin casar shinkafa a bayan wurin, mai shi abokinsa ne. Kafin in gane me ake ciki, an jera buhu uku a but, wurin kaya, na huɗu a kujerar baya, a kan fatar nan mai launin madara. Dillali ya kama kai.

"Haba maigida! Wagga motar manya ce, ba a-kori-kura ba!"

"Kai ba ka san surukarsa ba," in ji ɗan kawu. "Ba a hita gidanta hannu rabbana. Motar da za ta Argungu da wohi take tahiya, amma ba da wohi take dawowa ba."

Gaskiyarsa. Inna, mahaifiyar matata, gonar shinkafa gare su a fadama, kuma a wurinta baƙon da ya tafi ba tsaraba zagi ne. Akwai ranar da direban haya ya sauke mu a tasha saboda yawan kayanmu.

Ɗan kawu ya bayyana mini cewa irin waɗannan motoci ba a kan ƙarfe suke zaune ba, a kan wasu balan-balan na roba suke, masu cike da iska, shi ya sa ba a jin rami. In sun tsufa sukan tsage, kuma ba sa nunawa sai an ɗora nauyi.

Muka ɗauki hanyar Argungu ni ke tuƙi, dillali a baya kusa da buhu. Wayyo daɗi! Motar ba gudu take ba, malala take kamar kwalekwale a ruwa kwance. Sanyin esi yana dukan fuskata, gonaki suna wucewa kore shar. Na fara shirya kalmomin da zan faɗa wa matata idan na buɗe mata ƙofa. Ina cikin haka ɗan kawu ya ce in tsaya.

Da muka fito sai na ga bayan motar na hagu ya durƙusa kamar raƙumi zai sauke kaya, taya ta kusa ɓuya. Ya ɗauko gorar ruwan sabulu da ya taho da ita, ya kwanta ya watsa a jikin robar. Kumfa ta fara tashi, ƙanana, ba ƙaƙƙautawa.

Na zauna a bakin titi. Abin da nake gani kawai shi ne ranar Asabar, ƙofar gidan Inna cike da mata, an loda tsaraba, motar ta zauna a ƙasa, ƙanwar matata tana tafa hannu. Gara motar haya sau dubu.

"Shi ke nan, a bar ta," na ce.

"Ji shi! Littahin naku ba a jinyar masoyiya?" Ya zauna kusa da ni. "Da inji ne ko giya, da ni zan ja ka mu gudu. Wanga ciwon tsuhwa ne, kowa ya san shi, kuma yana da magani. Amma biyun baya za a canza tare, don ɗayar ma sa'arta ce."

Dillali, da ya ga kumfa da idonsa, bai yi gardama ba. Aka yi magana a kan sai an gyara zan karɓa. Matsalar ita ce babu kayan a Birnin Kebbi, sai daga Sakkwato. Laraba ta wuce shiru. Alhamis aka kawo, ɗan kawu ya juya su a hannu ya mayar, ya ce tsofaffi ne aka shafa wa mai. Na kusa kuka. Sai bayan sallar Juma'a na ƙwarai suka iso, ya ɗaura, ya sake jera buhunan nan huɗu, muka bar ta tsaye har la'asar sakaliya. Ko gezau.

Ranar Asabar na sa farar shadda, na fesa wa motar turare. Matata ta fito cikin leshi ruwan goro, na buɗe mata ƙofa, duk kalmomin da na shirya suka gudu. Ta shafa kujera ta ce, "Ashe da gaske kake." Har muka isa murmushi kawai nake.

A ƙofar gida mai jego da kanta ta leƙo zaure, duk da tsawar da tsofaffi ke yi mata. Na sauke gilashi a hankali, yadda na karanta.

"La ilaha! Yaya, an kai ga babin!"

"An kai. Saura ki nemo wata tsokanar."

"Bari dai Inna ta gama da ita tukuna."

Bayan la'asar aka fara fito da kaya. Buhun shinkafa biyu, buhun albasa, ƙwaryar busasshen kifi, gero daga dangi na garin Gulma, har da kabewa. Ina durƙushe gefe kaina a ƙasa, Inna daga bayan ƙyaure tana cewa a ƙara, ai motar babba ce. Bayan motar ya yi ƙasa, mata suka zuba ido. Na shiga na tayar. Sai aka ji wani ɗan gurnani a ƙarƙashi, famfo yana ƙara wa balan-balan ɗin iska, motar ta ɗago a hankali har ta daidaita.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Ta hi jakin gidan ga biyayya. A ƙara mata kabewa guda."

A hanyar dawowa ƙamshin turarena bai kai ko bakin gari ba, albasa da kifi suka cinye shi. Na kai hannu zan sauke gilashi, matata ta ce in bari, haka gidansu yake ƙamshi. Ta jingina da kujera ta lumshe ido, ni kuma na rage gudu don kada mu yi saurin isa.